Addu'ar safiya a gida: amsa ga ɗan ƙanena

Ɗana, saƙonka ya iso. Abu biyu ka tambaya: ko addu'ar safiyar da ake tara iyali a yi kafin kowa ya kama harkarsa doka ce ko al'ada, da kuma yadda za ka yi tunda kana durƙusawa amma ba ka jin Allah a kusa.

Ba doka ba ce, babu ayar da ta yanka mana sa'a. Amma al'adar tana da tushe. A Markus 1:35 Yesu ya tashi da asussuba ya keɓe don addu'a, alhali a daren jiya garin duka ya taru a ƙofar gida da marasa lafiya. Dubi kuma manna, abincin da Allah ya saukar wa Isra'ilawa a jeji, a Fitowa 16. Kowace safiya ake tsinta, rana na yin zafi ta narke, wanda kuma ya ajiye ta kwana sai ya tarar da tsutsa, in ban da wadda aka ajiye ranar Juma'a domin Asabar. Abin da ka fara ba wa hankalinka da safe shi ke jan ragamar yinin, shi ya sa Matiyu 6:33 ya sa Mulkin Allah gaba da ci da sutura.

Minti 15 sun isa, tunda kuna da ƙananan yara. Waƙa ɗaya, baiti biyu. Sai karatu, a bi littafi ɗaya a jere, ban da buɗe shafi da ka a karanta duk abin da ido ya faɗa kai. Ku fara da Markus: sura 16 ce, rabin sura kullum, wata ɗaya da 'yan kwanaki kun gama. Karin Magana kuwa sura 31 ce, sai a bi kwanan wata. Kada ka ɗauko daga Farawa da niyyar kaiwa ƙarshe, masu yin haka da yawa a Littafin Firistoci suke maƙalewa su bari. Bayan karatu kowa ya faɗi abu ɗaya da ya ji, har ɗan shekara biyar. A addu'a ku bi jerin da ke Matiyu 6:9-13: sunan Allah, Mulkinsa, nufinsa, sannan abincin yini, gafara da tsari. Lura, roƙo uku na farko duk nasa ne, namu daga baya suke.

Abin da ke kashe wannan al'ada sananne ne. Babba cikinsu shi ne uba ya mai da ita wurin faɗa, ya fake da aya yana yi wa matarsa ko yaro habaici. Mako biyu kawai, za ka ga kowa na jan ƙafa. Sai tsawaitawa har yara su makara makaranta. Sai kuma waya: in a cikinta kuke karatu, kashe data tukuna. Mai hira har ƙarfe ɗayan dare kuwa, tun a daren ya yi asarar safiyarsa. Ranar da kuka rasa, babu ramuwa, ku ɗora daga inda kuka tsaya.

Batun rashin jin kusancinsa, kada ka auna Allah da tsikar jikinka. Yakubu ya kwana a Betel da dutse a matsayin matashin kai, sai da ya farka ya gane Ubangiji na wurin shi bai sani ba (Farawa 28:16). Zabura 88 da kuka ta fara, da duhu ta ƙare, kuma an bar ta cikin waƙoƙin sujada. Alkawarin Matiyu 28:20 na kasancewa tare da mu kullum ba a ɗaura masa sharaɗin sai mun ji ba. A irin wannan lokaci ka karanta Zabura da murya, kalmominta su zama addu'arka, kuma kada ka canza sa'a.

Sai dai ka bincika abu guda. 1 Bitrus 3:7 ya ce yadda miji ke riƙe matarsa na iya toshe addu'arsa, Matiyu 5:23-24 kuma ya ce a bar baiko a gaban bagade a je a shirya da ɗan'uwa tukuna. In akwai wanda kuke gaba da shi, da shi za ka fara gobe kafin ka tara iyali.

A gaida maiɗaki da yara.