Tambaya da Amsa: Kafin Ka Zuba Kuɗinka a Ƙarin Destiny 2

Wasiƙun wannan makon sun taru a kan The Final Shape, ƙarin da kamfanin Bungie ya fitar wa wasan harbi na Destiny 2 ranar 4 ga Yunin 2024.

Daga Garwa: Assalamu alaikum. Ina da PS4, kuma da datar waya nake shiga intanet. In na sayi The Final Shape, gig nawa zan sauke?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da kake biya wa kuɗi izinin shiga ne kawai. Kayan ƙarin suna cikin babban wasan da kowa ke saukewa, ya saya ko bai saya ba, kuma babban wasan kyauta ne tun Oktoban 2019. Nauyinsa ya haura gig 100. Yi lissafi da kanka: layin da ke ba ka megabit 10 a daƙiƙa zai ci kusan awa 22 kafin ya gama gig 100, in bai yanke ba ke nan.

PS4 kuma tana da wata ɗabi'a. Idan babban sabuntawa ya zo, takan kwafi fayil ɗin wasan gaba ɗaya kafin ta ɗora sabon, don haka tana neman filin da ya kusa ninka girman wasan. A na'ura mai gig 500 wannan na nufin goge wasu wasannin, ko sayen faifan waje na USB 3.0 wanda bai gaza gig 250 ba, ka tsara shi a matsayin ƙarin ma'ajiya. Faifan nan ma shi ne mafitarka. In akwai abokin da ya riga ya sauke wasan daga shagon yanki ɗaya da naka, ya mayar da shi kan faifan, ka jona a taka na'urar, ka ƙara wasan cikin asusunka, sai ta nemi ɗan abin da ya rage. Ka kuma kashe sabuntawa ta kai tsaye, don kada ta cinye maka data cikin dare.

Shawararmu ita ce kada ka biya ko sefa ɗaya tukuna. Buga na kyautar mako guda a kan layin da kake da shi. Wasan ba ya buɗewa sam sai da intanet, ko da kai kaɗai kake bin labarin, kuma in layinka bai riƙe na kyauta ba, na kuɗi ma ba zai riƙe ba.

Daga Injamena: Malam, ana cikin artabu sai wasan ya jefo ni waje, ya rubuta Beaver, wani lokaci Baboon. Gwajin gudu kuwa yana nuna layina lafiya lau.

Gudu daban, tsayuwar layi daban. Bungie na sa wa kurakuran haɗi sunayen dabbobi, kowanne da abin da yake nunawa. Baboon na fitowa ne idan bayanai suna zubewa a hanya tsakanin gidanka da sabar kamfanin, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da wasan, abin da ya zama ruwan dare a Wi-Fi da layin waya, musamman bayan sallar isha'i da kowa ya hau. Beaver kuwa na nufin na'urarka ta kasa haɗuwa da ta wani ɗan wasan, domin Destiny 2 na haɗa 'yan wasa da junansu kai tsaye a wani ɓangare na aikinsa.

Shiga saitin intanet na PlayStation ka gwada haɗin, ka duba NAT, wato ma'aunin yadda layinka ke barin wasu na'urori su haɗu da taka. In ka ga nau'i na 2, kana lafiya. In na 3 ne, ƙofarka a rufe take. Mai intanet na kebul da aka ja har gida zai iya gyarawa: ya kunna UPnP, saitin da ke buɗe ƙofofin haɗi da kansa, a rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, ko ya buɗe ƙofar UDP 3074 da hannu, amma kada ya haɗa biyun lokaci guda, suna karo. Mai layin sim kuwa, yawanci kamfanin ya tara ɗaruruwan mutane a bayan adireshi ɗaya, rufewar tana can wurinsu, duk abin da ka taɓa a rautarka ba zai kai can ba. Abin da ya rage maka shi ne rage zubewar: jona na'urar da rauta ta kebul, ajiye rautar kusa da taga inda sigina ta fi ƙarfi, kafe ta a kan 4G don kada ta riƙa tsalle zuwa 3G, sannan a daina kallon bidiyo a layin lokacin da kake wasa. Ranar Talata da ƙarfe 6 na yamma agogon Cadi da Kamaru ake sabunta ayyukan mako, kuma sau da yawa a wannan ranar kamfanin ke gyaran saba. In an kore ka a lokacin, ba laifin layinka ba ne.

Daga Marwa: Ina da shagon wasanni. Na sayi katin kuɗi na PlayStation, ya ƙi shiga asusuna.

Alhaji, duba ƙasar katin. Kamaru da Cadi ba sa cikin jerin ƙasashen da ake zaɓa wajen buɗe asusun PlayStation, shi ya sa yawancin mutanenmu ke zaɓar Faransa ko Amurka. Katin dala ba ya shiga asusun Faransa, na yuro ba ya shiga na Amurka, kuma ba a canza ƙasar asusu bayan an buɗe shi. Katin bai lalace ba, a sayar wa mai asusun da ya dace. Wajen ciniki kuma ka tuna yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya motsi, don haka katin yuro 50 ya kama kusan sefa 32,800 kafin ribar mai sayarwa. Farashin ƙarin lokacin fitowarsa dala 49.99 ne, kuma shagon kan yi rangwame, gara ka jira shi.

Daga Kusiri: Na saya a PS5. In na koma kwamfuta zan same shi?

Jarumanka da makamanka za su bi ka in ka haɗa asusun biyu ta tsarin Cross Save a shafin Bungie. Ƙarin kuwa ba ya bin ka, sai ka sake saye a Steam, shagon wasannin kwamfuta.

Daga Ngaundere: Yayana, akwai abokan gaba masu wata garkuwa mai ƙyalli da harsashi ba ya ci. Na maƙale a nan.

Ƙanena, daina ɓarnar harsashi. Waɗannan ba sa jin komai sai ka shiga yanayin Transcendence, wato ƙarin ƙarfi na ɗan lokaci, na ikon Prismatic da The Final Shape ya kawo, mai haɗa haske da duhu. Dubi ƙasan allonka ta hagu, akwai ma'auni mai gefe biyu. Makamai da iko suna da nau'o'i: bugun Solar, Arc ko Void na cika gefen haske, na Stasis ko Strand na cika gefen duhu, makamin Kinetic, wanda ba ya cikin waɗannan nau'o'in, kuma na zuba wa duka biyun kaɗan-kaɗan. Wanda ya riƙe makamai masu cika gefe ɗaya zai daɗe yana jira, shi ya sa muke son a haɗa bindigar Strand da ta Solar. Wasan ma ya sauƙaƙa maka: duk inda masu garkuwar suke, akwai wani wuri mai haske a ƙasa kusa da su, ka tsaya a cikinsa ma'aunin ya cika da sauri, ka kunna, ka fasa garkuwar. Ka kula da Husk, masu rugowa da wuƙaƙe biyu. Harbe su a tumbi, domin in ka kashe su ta wani wurin, wata halitta na fitowa daga jikinsu ta biyo ka ta fashe.