Tambaya da Amsa: Me ya sa tsohon kiɗan jaz da aka sake fitarwa ke ƙarar "shiii"?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena ya kawo mini tsarabar CD daga Yamai, na kiɗan Duke Ellington, shugaban ƙungiyar makaɗan jaz na Amurka, na 1940 zuwa 1942, an ce an sake gyara shi. Amma da na sa sai na ji "shiii" a ƙarƙashin kiɗan, kamar ana suyar ƙosai a maƙwabta. Jabu aka sayar masa ne? Daga mai karatu a unguwar Birni, Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kwantar da hankalinka, wannan ƙarar sau da yawa alama ce ta aiki mai kyau. Lokacin da aka ɗauki kiɗan nan kamfanonin Amurka ba su fara aiki da tef ba. Makaɗa goma sha biyar ko fiye ke zama ɗaki ɗaya su busa tare, allura tana sassaƙa sautin kai tsaye a kan faifai mai laushi. Mutum ɗaya ya yi kuskure, sai a koma farko. Daga faifan nan mai laushi ake yin kwafin ƙarfe, da shi ake buga faifan sayarwa na shelak, wani irin ƙaro da ake cakuɗawa da garin dutse. Shi ya sa ba ya da santsi, gurzar allura a kansa ce kake ji. Faifan na juyawa sau 78 a minti, yawanci kowane gefe ba ya wuce minti uku da kaɗan.

Mai sake fitarwa yakan nemi kwafin ƙarfen. In ya ɓata, sai ya aro faifai mafi tsabta wurin masu tarawa. Ya zaɓi allurar da ta dace, ya daidaita gudu, don ba duka ke cika 78 cif ba, ya kuma daidaita kauri da kaifin sauti, tunda kafin 1954 kowane kamfani da nasa ma'auni. Sannan kwamfuta ta cire ƙas-ƙas na karce. Wannan ba ya cutar da kiɗa. Amma "shiii" ɗin wuri ɗaya yake zaune da ƙarar faranti na mai ganga da kaifin ƙahonin busa. Wanda ya kankare shi tas ya tafi da su, kiɗan ya koma kamar an rufe lasifika da bargo. CD da yawa na ƙarshen shekarun 1980 haka suka fito, kuma a ganinmu asara ce babba.

Ga gwaji. Sa "Ko-Ko", kiɗan Ellington da aka ɗauka a watan Maris na 1940. In kana jin kowane bugun bas na Jimmy Blanton daban-daban, kana kuma rarrabe masu saksafon da masu tiramfet lokacin da suke kira da amsa kamar zabiya da ƴan amshi, to riƙe abinka. In marfin ya ce "stereo", wato sautin da aka raba hagu da dama, ka yi shakka: kiɗan nan ta hanyar sauti ɗaya aka ɗauke shi, raba shi biyu da aka yi yayi a shekarun 1960 amo kawai yake ƙarawa.

Tambaya: Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana faifan garmaho kusan ashirin, da sunan makaɗin jaz Count Basie a kan wasu. Zan iya sa su a injin faifai na zamani? Daga wata mai karatu a Zengo.

Amsa: Amin, Hajiya. Za ki iya, amma da sharaɗi biyu: injin ya kasance yana da gudun 78, kuma a canza allura. Layin tsohon faifai ya fi na LP, faifai mai dogon kiɗa wanda ya fito a 1948, faɗi kusan sau uku. Siririyar allurar LP takan nutse har ƙasan layin, sai ƙara ta rinjayi kiɗa, allurar ma ta lalace. In tsohon garmaho wanda ake wanawa da hannu za a yi amfani da shi, allurar ƙarfe gefe ɗaya take yi a jefar.

Kada alkol ko turare ya taɓa faifan, narkar da shelak suke yi. A share ƙurar hunturu da burushi mai laushi, ana bin zagayen layi. In datti ya kama, ɗan ruwa mai tsabta da ɗigon sabulun ruwa ya isa, ban da takardar tsakiya, sannan a bari su bushe a inuwa. A jera su a tsaye, kowane cikin rigarsa ta takarda, nesa da rufin kwano saboda zafin Afirilu da Mayu. Kada a jibge su kwance, na ƙasa tsagewa yake yi. Wanda aka sa sau ɗaya ya yi kyau, a naɗe shi a kwamfuta nan take, a riƙa saurare daga can.