Shin Rufin Gidana Na Buƙatar Matarin Dusar Ƙanƙara?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Bara na canza rufin gidana zuwa na kwano, kuma inda muke dusar ƙanƙara kan yi wata huɗu tana zuba. Wata rana da hantsi muka ji rugugi, ko da muka fito duk abin da ya taru a rufin ya zubo bakin ƙofa, har ya lanƙwasa indararo. Mai rufin ya ce in sa ƙarafan da ke tare dusar. Dole ne, ko dai aiki yake nema?

Amsa: Malam, gaskiya mai rufinka ya faɗa maka, kuma ka gode wa Allah babu kowa a bakin ƙofar a lokacin.

Mutane na raina dusar ƙanƙara saboda suna ganinta kamar auduga. Da ta kwana biyu ta danne, kowace mita ɗaya kubik takan kai kilo 200 zuwa 300, in ta jiƙe kuma ta fi haka. Mu ce gefe ɗaya na rufinka murabba'in mita 50 ne, dusar ta yi kaurin santimita 30. Kana da tan 3 zuwa 4 da rabi ke nan a saman kanka, wato nauyin ƙananan motoci biyu ko fi. Kuma ba kaɗan-kaɗan take saukowa ba. Rana ta ɗumama kwanon, ko zafin cikin gida ya taso ta silin, sai ƙasan dusar ya narke, ruwa ya shiga tsakaninta da kwano, ta sulɓe gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido. Shi ya sa abin ya same ku da hantsi.

Tsohon rufinka, in na falle-fallen kwalta ne mai tsakuwa a jiki, kaushinsa ne yake riƙe dusar har ta narke. Kwano kuwa santsi gare shi, haka rufin allon dutse, da tayil mai sheƙi, da farantin sola, wanda mutane kan manta da shi.

Amma santsi kaɗai ba ya wajabta matari. Fita ka zagaya gidan, ka dubi abin da ke ƙarƙashin kowane gefe da rufin ya gangaro. Inda akwai ƙofa, ko hanyar wucewa, ko wurin ajiye mota, ko mitar gas, ko ƙaramin rufi a ƙasa, nan ana buƙatarsa. Gefen da ke zuba a fili inda ba mai bi, ni nakan ce a bar shi ya zubar da kayansa, rufin ma ya huta. A ƙasashe irin su Norwe da Finland dokar gini ta tanadi a kare mashiga da hanyoyin mutane daga wannan zubowa, don haka ka leƙa dokar inda kake.

Ga abin da na fi so ka riƙe: matari ba ya rage nauyi, ajiye shi yake yi a kan rufi har ya narke a hankali. Saboda haka kafin a ɗaura komai, a samu wanda ya san aikin ya duba ko katakon rufin zai ɗauka, musamman in gidan tsoho ne.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne mutum ya sa guda uku ko huɗu a saman ƙofa kawai don ya rage kuɗi. Dusar manne take da juna, sai nauyin yanki mai faɗi ya tattaru a kan waɗannan 'yan ƙalilan, ya tumɓuke su, wani lokaci har da yage kwanon. A bi tsawon gefen duka. Layin farko ya zauna daidai saman bango, kada a sa shi can bakin rufi inda babu abin da ya tokare shi daga ƙasa. In gangaren na da tsawo, a ƙara layi na biyu ko na uku a sama.

Iri biyu aka fi samu: ƙanana da ake jerawa a warwatse, da doguwar sanda ko bututu da ke ratsa rufin kamar shinge. Inda dusar ke da yawa na fi amincewa da sandar. In kwanonka mai tsayayyen haɗi ne, wato bakunan fallayen a miƙe suke sama inda suka haɗu, nemi wadda ake matsewa a jikin haɗin, ba sai an huda ba, don kowace huda ƙofar yoyo ce. Ƙananan da ake mannawa da gam kuma suna son ɗumi kafin su kama, kada a liƙa su cikin sanyi.

In kana ganin ƙanƙara na daskarewa a bakin rufi har ruwa na komawa cikin gida, wannan matsala ce daban, matari ba zai magance ta ba. Zafi ne ke tserewa ta silin, sai an toshe shi an kuma buɗe wa iska hanya a ƙarƙashin rufin. Aikin matarin dai a yi shi da rufi a bushe, kafin sanyi ya shigo, sannan a gyara indararon daga baya.