Gidan ƙaramar bindiga na fata: fitar da zane, da haɗarin shafa masa mai

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni baduku ne a Gadarif ta ƙasar Sudan, kuben wuƙa da takalman markub da jakunkuna nake ɗinkawa tun tasowata. Kwanan nan 'yan sanda da wasu masu lasisi suka fara kawo min aikin gidan ƙaramar bindiga. Na kwantar da bindigar a kan fata na zagaye ta da fensir kamar yadda nake yi wa wuƙa. Biyu sun matse ta ƙi shiga, na ukun ta shiga amma da ƙyar take fita. Wani abokin sana'a ya ce in jiƙa shi da man riɗi ya kwana, in kuma yanke fatar wajen kunama don yatsa ya samu hanya. Na yi hakan, mai shi ya karɓa ya tafi yana murna, ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya. Yaya ake fitar da zanen daidai, kuma akwai haɗari a abin da na yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Akwai haɗari, babba ma, kuma za mu zo kansa. Bari mu fara da abin da ya cinye maka fata biyu.

Wuƙa faffaɗa ce, kaurinta bai taka kara ya karya ba, shi ya sa zagaye ta da fensir yake isa. Bindiga kuwa tana da kauri, fata sai ta hau ta sauka kafin ta kai wurin ɗinki. Ɗauki bindiga ƙirar Glock 17, kaurin marfinta na sama, wato ɓangaren da ake ja baya, kusan milimita 25 ne. Idan gidan mai fata biyu ne, wato gaba da baya a ɗinke ta gefe biyu, layin ɗinki zai nisanci layin fensir da rabin kaurin bindigar haɗe da kaurin fatar: 13 da 3, kusan milimita 16 a kowane gefe. Daga layin ɗinkin ka ƙara milimita 4 zuwa 5, nan ne layin yanka. Kai ka ɗinka dab da layin fensir, ina za ta shiga?

Lissafin nan na farawa ne kawai. Abin da ba ya ƙarya shi ne tsirin fata. Ka yanko tsiri mai faɗin santimita 2 daga ainihin fatar da za ka yi aikin da ita, ka naɗe bindigar da shi a wuri uku: kusa da baki, dab da gaban zoben da ya kewaye kunama, da kuma kan zoben kansa. A kowane wuri ka matse bakin tsirin biyu da yatsa inda suka haɗu, ka yi alama, ka miƙe shi a kan kwali ka auna. Za ka ga wajen zoben bai buƙaci rara kamar wajen marfi ba, don ya fi shi siranta. Kada ka auna da zare ko takarda, ba su da kaurin fata, za su rage maka milimita da yawa.

Idan mai ninki ɗaya kake so, irin wanda ya fi kama da kube, ka ninka kwali biyu ka buɗe, ka tsayar da bindigar a kife, saitinta na gaba da na baya a kan layin ninkin, sannan ka mirgina ta a hankali ta kwanta gefe ɗaya ba tare da ta zame ba, ka zana. Ka fitar da layin ɗinki da awon tsirin nan, ka sake ninkewa ka yanke ɓangarorin biyu tare. Kwalin ya zama mai ɗan ƙarfi, kuma kafin aska ta taɓa fata ka manne shi da tef ka gwada a ƙugu.

Wajen zana bakin gidan ne ake gane gwani. Zoben kunama ya shige ciki gaba ɗaya, ta gaba da ta baya. Mariƙi kuma ya fito fili ɗungurungum, har yatsan tsakiya ya samu wurin zama a ƙarƙashin zoben ba tare da ya ci karo da fata ba. Ka kewaye maɓallin da ke sakin gidan harsashi, idan fata ta danne shi mutum zai zaro bindiga gidan harsashin ya faɗi ƙasa. A ƙasa ka bar fatar ta zarce bakin bindiga da milimita 3 zuwa 5, a buɗe, don ƙura da yashi su riƙa zubewa. Ramin bel ya fi faɗin bel ɗin da milimita 2 ko 3 kacal, in ya fi haka gidan zai riƙa rawa. Yawancin masu ɗaurawa a gefen ƙugu sun fi son mariƙi ya ɗan karkata gaba da digiri 10 zuwa 15, kuma a kan kwali ake saka wannan karkatar, ta hanyar juya ramukan bel. Ka rubuta a jikin kwalin sunan bindigar, da dama ko hagu, da fuskar da ke kallon waje, don kwali ɗaya in an kife shi na bahago ya zama. Kowace ƙira da kwalinta: Makarov tsawonta kusan santimita 16 ne, Tokarev ta haura 19, Glock 17 ta kai 20. Mai cewa yana da zane guda da ke ɗaukar kowace bindiga jaka yake ɗinkawa.

Fatar kuma ƙirgin sa ne da aka jeme da bagaruwa, wadda mutanen nan suke kira garad, mai kaurin milimita 3 zuwa 3 da rabi, daga gadon baya ko kafaɗa. Fatar ciki saki take yi. Ta akuya da kake yin jaka da ita ko rabin kaurin ba ta kai ba. Wadda aka jeme da sinadarin kurom a masana'anta, da za ka ga tsakiyarta shuɗi-shuɗi in ka yanka, ba ta riƙe siffa in an jiƙa ta, kuma ana gudunta saboda tsatsa.

Yanzu ga maganar man riɗi. Wannan shawara ta zama ruwan dare a kasuwanninmu, kowa ka taɓa sai ya ce fata mai laushi ita ce mai kyau, a sa mata man riɗi, ko man shanu, ko kitse, wasu har baƙin man mota. A takalmi da linzami, to, babu laifi. A gidan bindiga taurin nan da suke yaƙa da shi shi ne aikin gaba ɗaya. Dubi abin da ke faruwa. Mutum ya zaro bindigarsa, gidan ya zama fanko a ƙugunsa, bel yana matse shi. In fatar mai tauri ce bakin zai tsaya a buɗe. In ta sha mai, bakin zai rufe, leɓen da ke wajen zoben ya lanƙwashe ciki. Ya zo mayar da ita, ba ya kallo, yana turawa ƙasa da ƙarfin hannu. Leɓen nan ya shiga cikin zoben ya tokare kunama, bindiga tana tafiya ƙasa, kunama tana tafiya baya. Kunamar Glock nauyin kusan kilo biyu da rabi take buƙata, hannun da ke tura bindiga ya fi haka nesa ba kusa ba. Kuma ba ta da makullin da ake murɗawa a gefe, ɗan harshe ne a tsakiyar kunamar, duk abin da ya danne ta a tsakiya ya danne shi tare. Tokarev ta asali ita ma ba ta da makullin gefe. A wannan lokacin bakin bindigar cinyar mai ita yake kallo, inda babbar jijiyar jini take, wadda in ta fashe mutum na iya ƙarewa cikin mintuna kaɗan kafin a kai shi asibiti.

Abin da ya sa wannan ɓarna take da wuyar ganewa shi ne ba ranar farko take nuna kanta ba. Ranar farko mai kaya murna yake, tana shiga sumul tana fita sumul, har ya turo maka abokansa. Mai kuwa ci gaba yake da ratsa fatar, ga gumi, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40, ga danshin damina, ga zama a mota yana lanƙwasa gidan kullum a wuri guda. Bayan watanni ne ninkin zai kafu. In abin ya faru sai a ce tsautsayi ne, ko bindigar ce ta tashi da kanta, wanda ya ba da shawarar man kuwa yana rumfarsa yana ba wani. Ban ga dalilin da zai sa wanda bai taɓa tsayawa ya kalli yadda kunama take aiki ba ya riƙa koyar da wannan aiki da cikakken baki ba. Yanke wajen kunama kuma ya ninka haɗarin. An ga irin wannan a tsofaffin gidajen libarba da a fina-finai, shi ne ake kwaikwaya. Yatsa ba shi da abin yi a kan kunama alhali bindiga tana cikin gida. Tagar da ka buɗe wa yatsa, gefen jallabiya zai shiga, igiyar wando za ta shiga, ƙarfen bel ɗin mota zai shiga, hannun yaro ma zai shiga.

Sabon gida dama matsewa yake yi, kuma maganinsa ruwa ne. Bayan ka manne da gam ka ɗinke da allura biyu da zare mai kakin zuma, tsakanin huda da huda kusan milimita 4, ka tsoma gidan a ruwa mai ɗan ɗumi na daƙiƙa 10 zuwa 20. Ka ajiye har launinsa ya fara komawa, sannan ka saka samfurin bindigar, na katako ko na roba, a naɗe cikin leda, da ɗan siririn kara manne a samansa daga saitin gaba zuwa baya, don ya buɗe wa saitin hanya kada ya riƙa kankare fata. Ka bi siffar da ƙaho ko ƙashi mai santsi. A wajen zoben ka ɗan lotsa fatar a bakinsa na gaba kawai, nan ne riƙon yake, kada lotsin ya kai kusa da kunama. Ka zare samfurin ka shanya a inuwa kwana ɗaya ko biyu, rana tana ƙona jiƙaƙƙiyar fata ta tsattsage. A bakin gidan ka ƙara ɗinka wani tsiri na ƙirgi ya zagaye shi, shi ke hana rufewa, kuma tun a kwali ake zana shi. In ya bushe ya matse da yawa, a naɗe samfurin da leda ninki biyu a bar shi ciki ya kwana. Daga waje ɗan kakin zuma ya isa.

Na ce samfuri da gangan. Ka sa kafinta ya sassaƙa maka na katako bisa awon kowace ƙira, ko ka samo na roba da ake yi don wannan aiki. Ranar awo mai bindiga ya zo da kansa, ya cire gidan harsashi, ya ja marfi baya, ku biyu ku leƙa ku ga babu komai a ciki, harsasai kuma su tsaya a wajen rumfa. Kada ta kwana a hannunka. Dokar Sudan ta makamai da harsasai da abubuwan fashewa ta 1986 lasisi take nema ga mai riƙe makami, kuma da halin yaƙin da ƙasa ta shiga a 2023 ba kowane mai bincike ne zai tsaya jin cewa kai baduku ne ba. Wanda ya kasa nuna takardarsa, ka ba shi haƙuri.

Kafin gida ya bar hannunka, a saka bindigar babu harsashi, a kife a kan katifa a girgiza a hankali, kada ta faɗo. A danna fatar da babban yatsa ta kowane gefe, kada kunama ta motsa. A zare, a matse bakin da yatsa biyu, ya koma a buɗe da kansa.

Shi kuwa wanda ka riga ka bayar, ka nemi mai shi yau, kada ka jira ya dawo. Ka ce ya daina sa shi, ka karɓo, ka ɗinka masa sabo a kuɗinka. Man da ya ratsa ƙirgi ba ya fita, ko da toka ko da sabulu, kuma faci a kan tagar da ka yanke wani leɓen ne da zai iya lanƙwashewa ciki. Ka farke ɗinkin, ka kwantar da fatar a kan sabon kwalinka ka ga inda awon ya gaza, sannan ka yayyanka ta don kada wani ya tsince ta ya ɗaura.