Yarona yana karantawa ratata amma ba ya gane abin da ya karanta

Tambaya: Malam, ɗana shekararsa 7, yana ajin CE1, wato aji uku na firamare. In aka ba shi littafi zai karanta ratata, amma da na ce ya gaya mini abin da labarin ya ƙunsa sai ya yi zuru. Ba abin da ke ɗaukar hankalinsa sai dabbobin nan dinozor da yake kallo a wayar babansa. In hana shi ne? Wata uwa, unguwar Birni, Zinder.

Amsa: A'a Hajiya, kada ki hana shi, ai da su za mu kama shi. Haɗa baƙaƙe daban, fahimta daban. Yaranmu da yawa bakinsu ne kawai ke karatun, musamman da yake da Faransanci ake yi, harshen da ba a ji a tsakar gida. Yaro kuwa ba ya tona magana sai yana ƙishin sanin abin da ke cikinta, naki kuma ya riga ya nuna miki inda ƙishinsa yake.

Fara da gaya masa cewa dabbobin nan sun taka ƙasarmu. A Gadufawa, cikin hamadar Tenere a jihar Agadas, aka tono ƙasusuwan wani da aka raɗa wa suna Nigersaurus a 1999, sunan Nijar ke nan a jikinsa. Ya rayu shekara wajen miliyan 110 da suka wuce.

Rubuta masa layi uku kacal a kan allo, da Hausa: "Tsawonsa mita 9. Haƙoransa sun kai 500. Bakinsa mai faɗi ne, yana cin abinci kansa a sunkuye." Ya karanta sau biyu, sai ki kife allon. Kada ki tambaye shi haƙora nawa, wannan haddacewa ce, ko aku zai iya. Ce masa: "To me kake jin yake ci, nama ko ganye? Me ya sa ka ce haka?" Amsar ba ta cikin layi ko ɗaya, dole ya haɗa bakin da sunkuyon. In ya ce kamar saniya, ki ce ya buɗe allon ya nuna miki kalmar da ta sa shi faɗin haka. Ko ya kuskure kada ki yi saurin gyara masa. Wannan komawar da yake yi yana neman hujja, ita muke so.

Mita 9 ba ta nufin komai ga ɗan shekara 7. Ku ɗauko igiyar guga ku auna a ƙofar gida, ya kwanta tsawonta yana tashi yana ƙirgawa. Na taɓa yin haka da 'yan ajina, wata yarinya ta kwanta sau bakwai da ɗoriya, ta tashi tana kaɗe ƙura tana cewa ɗakinsu ba zai ci shi ba. Ita kam ta gane.

In an kwana biyu ki maido masa layukan nan da Faransanci, amma ki bar shi ya ba ki amsa da Hausa. Aikin minti goma sha biyar bayan la'asar ya isa. Idan hanya ta kai ku Yamai, ku shiga gidan tarihi na Boubou Hama, akwai ƙwarangwal ɗin dinozor a tsaye. Ki bar shi ya karanta allon bayanin da kansa, ke kuma ki yi kamar ba ki san komai ba.