Re: A bar su su gina katafaren kanti a bayan gari ko kuwa?

Malam, tambayarka ita ce ko ya dace gwamnati ta ba wasu 'yan kasuwa fili su kafa babban kanti a wajen gari, tunda kana tsoron zai kashe ƙananan shaguna. Ni dai a ganina a ba su, amma da sharaɗi.

Mu a nan Kano mun ga irinsa ai. Lokacin da aka buɗe Ado Bayero Mall a Zoo Road a 2014 har da Shoprite a ciki, mutane sun yi ta cewa shikenan kasuwannin Sabon Gari da Singa sun mutu, to ina? Shoprite ɗin ce ma ta rufe a farkon 2024, Singa kuwa har gobe ba ka samun wurin ajiye mota. Dalili kuwa, mai shagon unguwa zai ba ka sukari na ɗari biyu, ya ba ka bashi har ƙarshen wata, kuma a kasuwa za ka yi ciniki a rage maka, can kuwa farashi a manne yake ba ragi. Yawancin masu zuwa ma shan iska da ɗaukar hoto suke yi wallahi.

Matsalar bayan gari ita ce abin hawa, wanda ba shi da mota kuɗin adaidaita sahu kaɗai ya cinye sauƙin da zai samu. Amma kuma kasuwar hatsi ta Dawanau ba a bayan gari take ba? Ga ta nan cike kullum, don tirela na shiga ba go-sulo.

Sharaɗina dai, a biya masu gonakin diyya ta gaskiya, su yi titi da magudanar ruwa, sannan ma'aikata a ɗebo su daga ƙauyukan wajen.