Tambayoyin Masu Karatu: Fim Ɗin 'Yar Aikin Faransa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina aikatau a wani gida a Jidda. Kwanakin baya uwar ɗakina da baƙinta sun kalli wani tsohon fim na Faransa marar launi, mai fassarar Larabci a ƙasa, a kan wata 'yar aiki mai suna Célestine. Suna ta dariya, ni kuwa ina zuba musu gahawa raina bai yi daɗi ba. Wane fim ne, kuma da gaske na barkwanci ne?

Mai karatu, daga Jidda

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Bisa bayaninki, fim ɗin shi ne "Le Journal d'une femme de chambre", wanda Luis Buñuel, ɗan ƙasar Sifen, ya ba da umarninsa a 1964, Jeanne Moreau kuma ta fito a matsayin Célestine. An ɗauko labarin daga littafin da Octave Mirbeau ya wallafa a 1900.

Akwai barkwanci a cikinsa, amma ba 'yar aikin ake yi wa dariya ba, iyayen gidan ne. Célestine ta baro Paris zuwa gidan wasu masu hali a ƙauyen Normandy, inda ta tarar da uwar gida mai maƙo da sa ido, da maigida wanda ba ya ƙyale 'yan aiki mata, da maƙwabci tsohon soja da ke watso musu shara ta kan katanga. Mahaifin uwar gidan kuwa ya ce zai riƙa kiranta Marie, domin haka yake kiran duk 'yar aikin da aka kawo, kuma ina jin duk wadda ta taɓa zama ƙarƙashin kafil, wato mai ɗaukar nauyin 'yar aiki a ƙasashen Larabawa, ta san zafin a canza wa mutum suna ba tare da an shawarce shi ba.

Daga tsakiya dariyar take gushewa, lokacin da aka kashe wata ƙaramar yarinya a daji, Célestine ta zargi Joseph, ma'aikacin gidan mai tsananin ƙin baƙi da Yahudawa. An kama shi, aka sake shi saboda rashin hujja, ya je ya buɗe wurin shan gahawa a Cherbourg, ita kuma ta auri tsohon sojan nan ta koma uwar gida.

Saboda haka rashin dariyarki ba rashin fahimta ba ne. Sai dai ina ba ki shawara kada a kalle shi tare da yara.